Safiyar da Bitrus Direba Ya Saya

Shekara huɗu ke nan da rasuwar aminina Haruna mai gyaran waya. Allah Ya karɓi ransa a shekarar da aka rufe mana layukan waya a Birnin Gwari, jim kaɗan bayan an maido su. Allah Ya jiƙansa. Na so in rubuta addu'a kawai in yi shiru, amma zuciyata ta ƙi.

Haruna ne ya buɗe mana zauren WhatsApp na matafiya. Duk wanda ya bi hanyar Kaduna ko ta Kuyello da safe, sai ya faɗi abin da ya gani: hanya lafiya, ko kuwa an hangi 'yan bindiga a wuri kaza. Ya ce a riƙa yi da murya, saboda irinmu da ajami muka iya, boko sai da lalube.

Kuma ya ci abinci da zauren, bai taɓa ɓoyewa ba. Masu taki da masu maganin feshi suna biyan sa. Sai bayan la'asar yake haɗa tallansu a saƙo guda, ya karanta da bakinsa, har da tsokana. Abin da bai yarda da ingancinsa ba, ba ya karantawa. Wani dillali ya taɓa ninka masa kuɗi don a sa tallansa da sassafe. Haruna ya ce, "Alhaji, safiya ba tawa ba ce balle in sayar maka. Ta masu hanya ce."

Da ya rasu, ɗansa Nura ya gaji zauren. Abin da ya fara sayarwa shi ne safiyar nan. Ka idar da asuba ka duba waya, sai maganin basir, sai atamfa, sai wani mai rantsuwar zai ninka maka jari. Mutane suka toshe ƙarar zauren, wasu suka fice. Na same shi a shago na yi masa magana. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Baba Malam, data ba da addu'a ake sayen ta ba."

A daminar bara wata mata daga wajen Tabanni ta aiko da murya cewa kada a bi hanyarsu. Saƙon ya nutse a ƙarƙashin tallace-tallace. Wani direba ya shiga da lodin masara, aka tafi da shi daji. Ya dawo da rai, amma sai da gonar gidansu ta tafi a kuɗin fansa. Matar ta yi nata. Mu ne muka bari aka cika wurin da hayaniya har ba a ji ta ba. Da Haruna zai leƙo yau, ban san da wane ido za mu dube shi ba. Ba neman kuɗin Nura ke ba ni haushi ba, ubansa ma ya nema. Abin da ya zaɓa ya sayar ne.

Bayan wannan ne Bitrus direba ya ce in raka shi shagon. Bitrus ya daɗe yana cewa Haruna na bin sa bashin rai, domin muryarsa ce ta taɓa juyo da shi daga bakin daji da mota cike da fasinja.

Ya ce, "Nura, nawa kake sayar da safiya, daga asuba zuwa hantsi?"

Nura ya faɗa, yana murna.

"Na saya. Duk wata ka zo tasha ka karɓa."

"To Baba Bitrus, me za a tallata maka?"

"Ba komai. Ka bar ta yadda ubanka ya bar ta."

Nura ya yi dariya, ya ga ba mai taya shi, ya sunkuyar da kai. Amma ya karɓa. Wannan karɓar har yau tana ci mini rai: mutum ya yini yana kasada da ransa a hanya, sannan ya biya ɗa don ya kiyaye amanar ubansa.

Yanzu safiya ta koma ta masu hanya, waɗanda suka fice suna dawowa. Talla tana nan bayan la'asar, ba wanda ya yi ƙorafi.

Da muka fito ranar, Bitrus ya tsaya a bakin motarsa ya ce, "Malam, in kana yi masa addu'a, ka sa da cewa na biya."

Haruna, Bitrus ya biya. Allah Ya haskaka kabarinka.