Amsar da Kadija Take Jira

Ni da Kadija ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Abu Hail, gadonta na ƙasa, nawa na sama, don haka in na ce na san ta, ba a bakin mutane na ji ba. Ni 'yar Kano ce, mayafai nake saro wa masu shago. Ita 'yar Damagaram ce, ta yi boko, lakwal kamar yadda suke cewa, Faransanci a bakinta kamar ruwa. Da mijinta ya rasu ta bar 'yarta Ni'imatu wajen kaka, yarinyar ko famfara ba ta fara ba, ta taho Dubai aikin raino.

Allah ya haɗa ta da wata 'yar Italiya, Madam Ornella, mai rubuta littattafan yara da ɗan kamfaninta na buga su. Wata rana Madam ta ji Kadija tana yi wa ɗan Madam ɗin tatsuniya da Faransanci, ta ce me ya hana ta rubutawa da harshenta? Ta zaunar da ita, ta nuna mata yadda ake raba magana shafi-shafi, hoto a sama, layi biyu a ƙasa. Shi ke nan aka ja mana! Ɗakin namu ya cika da takardu, har a kan tukunyar tuwona na taɓa tsintar zanen kura.

Ta fara buga 'yan littattafanta na Hausa a wata ƙaramar maɗaba'a. Ɗalhatu mai kago, wanda ke tura mana kaya gida, shi ke cusa su tsakanin dilolin atamfa, fatake kuma suka mai da su tsarabar yara. Ba ta tsaya nan ba. Ranar hutu sai ta tara mata 'yan aikin gida, na Nijar da na Zangon Kumasi, a lambun unguwa, ta koya musu aika wa 'ya'yansu tatsuniya da murya ta waya. In aka ce wata uwar gidanta ta karɓe mata waya, Kadija ta yafa mayafi ta tafi har gidan, ta yi ta magana cikin ladabi har a gaji a bayar.

Amma tana da doka ɗaya. Ba a aika tatsuniya gaba ɗaya. Za ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku" ki saki, ki jira sai yaro ya amsa "Ta zo mu ji ta", sannan ki ci gaba. Na ce mata, "Ke Kadija, wannan wane irin wahalar da kai ne? Ki zuba abinki kawai." Ta ce, "Yaya, a tsakar gidanmu ba a fara ta sai an amsa. In bai amsa ba, ke kaɗai kike surutu."

Ni'imatu ta yi shekaru tana amsawa, da wata 'yar siririyar murya mai sa ni kaina in ajiye cokali. Sai lokacin saukar karatunta ya zo. Kadija ta yi alkawarin zuwa, har an ɗinka anko. Ana saura kaɗan wata yarinya cikin matan lambu ta kwanta asibiti ba kowa nata, Kadija ta zauna jinya, saukar ta wuce. Daga ranar Ni'imatu ta daina amsawa. Waya na nuna ta saurara, kakar ta ce lafiyarta ƙalau, amma shiru.

Wallahi haushi ya ishe ni. Na ce ta kira ta, ta yi mata faɗa, uwa ce fa. Ta ƙi. Kullum in ta dawo aiki sai ta zauna bakin gado ta aika kalmomin nan, ta ɗora wayar a cinya. 'Ya'yan mutane suna ta amsa wa iyayensu saboda ita, tata ta ƙi. Ina daga sama ina jin kewar tana cin ta, ni ma tana ci na.

Bayan an daɗe a haka, rannan da la'asar muna tsince shinkafa saƙo ya shigo. Murya ce ta budurwa, ta yi kauri, da ƙyar na gane Ni'imatu ce. Ba amsa ta bayar ba. Cewa ta yi, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Kadija ta danna wayar, ta ce, "Ta zo mu ji ta."

Ni'imatu ta ce, "Wata mata ce ta ce wa 'yarta za ta je kasuwa ta dawo. A hanya ta ga 'ya'yan mutane suna kuka, ta tsaya rarrashinsu. 'Yar tana zaune a bakin ƙofa." Muna jin kukan akuya a bayanta. "Iyakar abin da na sani ke nan, Inna. Ƙarshen yana wajenki."

A yammacin nan Kadija ta sauko da akwatinta daga saman kabad. Madam ta ce ba za ta tafi gida ba sai an samu wadda za ta maye gurbinta, matan lambu kuma suna ta kuka. Akwatin na nan a buɗe a tsakiyar ɗaki, kullum sai na yi tuntuɓe da shi. Duk masifata, ban ce ta kawar da shi ba.