Zauren Yaya Armaya'u a Bakin Ruwa

Ranar da Yaya Armaya'u ya ce mini zai sayi gida a Ikko, dariya na yi har sai da na ajiye ƙwaryar furar da ke hannuna. Mutumin da idan rafin ƙauyenmu Wagini ya kawo da damina yake tsugunawa a baki har sai ruwan ya janye, yara na tsallakewa a gabansa suna yi masa gwalo, wai shi ne zai sayi gida a bakin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Na tambaye shi ko zazzaɓi ne ya taɓa masa kai. Bai ko murmusa ba. Ya ce jari ne, 'yan haya zai zuba.

Ni ce ƙanwarsa, Asama'u, ciki ɗaya. Aure ya kai ni Safana, na yi koyarwa a firamare har na ajiye aiki, kuma duk ranar kasuwar Batsari ina hawa mashin in je in duba shi. Shi fawa ya gada wurin mahaifinmu. Tun yana saurayi ya tafi Ikko, ya kafa tukubar tsire a wata kwana ta Ikorodu, can bayan gari, ya tsufa a gaban wuta. Hayaƙi ya rage masa ido, tsayuwa ta cinye masa gwiwoyi. Da matarsa Nazifa ta rasu, ya aurar da 'yarsa Rahma a Zariya, sai ya tattaro wuƙaƙensa ya dawo. Ya kama ɗaki biyu a bayan kasuwar Batsari, shi kaɗai, daga shi sai rediyo da wata kyanwa da ba tasa ba. Ranar kasuwa yakan gasa ɗan balangu, ba don riba ba, don dai ya ji ana ce masa "Malam Armaya'u, yanko na ɗari biyar."

Yana da ɗa namiji guda, ɗan fari, Zaharaddeen, wanda ya zauna can Ikorodu da matarsa da yaransa, yana gyaran injinan jiragen ruwa masu ketarar da ma'aikata zuwa cikin birni. Na faɗi sunan ne don ni gwaggo ce, bakina a sake yake. Yaya kuwa tunda aka raɗa wa yaron suna bai taɓa furta shi ba. "Wancan yaron" yake cewa, ko "mutumin naki". Haka mahaifinmu ya yi da shi, haka kakanmu ya yi. Kunyar ɗan fari ce: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka sake masa fuska. A Wagini wannan ba ya cutar da yaro, domin son da uba ya ɓoye akwai masu fito da shi. Kaka tana nan, gwaggo tana nan, da an yaye yaro an miƙa musu, su kira sunansa har ya gundure shi. Na roƙa a ba ni Zaharaddeen a lokacin yaye, amma suka tafi da shi Ikko. Can kuwa babu kaka, babu gwaggo. Yaro ya tashi yana kallon ubansa yana ɗora Rahma a wuya, yana "Rahma, Rahmatu" kamar waƙa, shi kuwa idan ya shigo sai uban ya juya fuska wajen wuta.

Zaharaddeen ya taɓa kira na a waya, bayan rasuwar uwarsa, ya ce, "Gwaggo, don Allah ni me na yi wa Baba?" Na yi masa bayani tiryan-tiryan kamar ina gaban aji. Ya saurara, ya ce ya gane. Amma na ji a muryarsa cewa kansa ne ya gane, ƙirjinsa bai karɓa ba.

To, maganar gida. Wani Shafi'u ne ya kawo ta, ɗan Safana da ya zama dillalin filaye a can, mai bakin da zai sayar maka da rijiyarka. Ya ce unguwar can ƙarshen gari take, a bakin ruwa, da can ciyawa ce da masunta, amma yanzu masu aiki a birni suna ta komawa saboda haya ta kore su, jirgin ruwa kuma yana ketarar da su da safe. Wanda ya saya yau, in ji shi, nan da 'yan shekaru sai dai a gaishe shi da hannu biyu. Yaya ya sayar da gonarsa ta gado a Wagini, wadda dama ta daɗe ba a shiga ba saboda 'yan bindiga. Ya je Tsaskiya ya karɓo 'yan shanun da ya ba wani Bafulatani kiwo, ya sayar. Na yi masa faɗa irin wanda ƙanwa ba ta yi wa yayanta. Na ce ga Katsina nan kusa, ga Dutsin-Ma, ko nan Batsari ya gina shaguna mana, inda zai riƙa ganin abinsa da idonsa.

"Can ya fi kawo kuɗi," in ji shi.

"Yaya, yaushe ka fara son kuɗi? Mi za ka yi da su, kai da ko hula ba ka sakewa?"

Ya ɗauki tsinken sakace ya shiga aiki.

Sai da ya je ya dawo na gane inda aka dosa, kuma ba daga bakinsa ba, daga bakin Shafi'u, wanda ya zo gida ganin mahaifiyarsa ya biyo ta wurina yana ƙorafi. Ya ce gida uku ya nuna masa. Biyu sun fi kyau, sun fi araha, ruwa ba ya shiga tsakar gidansu da damina. Yaya ya ƙi su, ya zaɓi na ukun, wani dogon gida mai ɗakuna suna kallon juna, danshi ya ci gindin bangonsa. Abin da kawai ya fi sauran da shi, yana kan hanyar da Zaharaddeen yake bi kullum daga gidansa zuwa tashar jiragen ruwa.

"Wannan ma da sauƙi, Inna," in ji Shafi'u. "Ɗakin gaba, mai kallon titi, wanda shi ne ran gidan, ko ba a yi talla ba masu shago za su yi layi. Sai ya kira magini ya fasa mashi ƙofa ta waje, ya ce kar a sa ƙyaure. Wai zaure ne. Zaure a Ikko! Na ce Baba, nan ko makewayi haya ake ba da shi. Ya ce shi bai taɓa ganin gidan mutunci da ba ya da zaure ba."

A zauren Yaya ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye buzu da buta, ya rataya carbi a ƙusa. Sauran ɗakunan ya zuba 'yan haya, Yarabawa da wani ɗan Igbo mai sayar da taya, shi kuma ya tare a zauren kusan wata biyu. Da asuba idan ya dawo masallaci sai ya zauna yana fuskantar titi, iskar ruwa mai ƙarnin kifi tana kaɗa shi. Can sai ga Zaharaddeen da jakar kayan aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rusuna, ya ce, "Baba, ina kwana." Yaya ya kalli bango ya ce, "Lafiya." Yaron ya ɗan jira, ya ga babu ƙari, ya miƙe ya tafi.

Da Yaya yake ba ni labarin nan a Batsari, fuskarsa har wani haske take yi. "Kullum sai ya tsaya, Asama'u. Ko rana ɗaya bai wuce ba. Ya yi ƙiba. Yana da furfura nan gefe, kin sani kau?"

"Ka ce mashi ya shigo ya zauna?"

"Ai zaure ne. Wa ake ce ma ya shigo zauren ubanshi?"

Na ji kamar in ɗora hannu a ka in yi ihu. Yaron da ya tashi a ɗakin haya a Ikko, ina ya san abin da zaure yake nufi? Shi dai ya ga tsoho a ɗaki marar ƙofa yana kallon bango.

Azumi ne ya dawo da Yaya gida, don ya ce ba ya iya azumin Ikko. Niyyarsa duk shekara ya riƙa komawa ya yi 'yan watanni a zaurensa. Kafin ya taho ya ce wa Shafi'u ya damƙa kula da gidan a hannun "wancan yaron", tunda shi ke kusa. A wurin Yaya wannan babbar magana ce, kamar ya ce ga gidanka. Watannin da suka biyo baya ya yi su yana shiri. Ya sa aka saƙa masa sabuwar tabarma babba a Karare, wadda za ta ɗauki mutum biyu da yara. Ya yi kilishi da hannunsa, irin mai yajin da ya ce mutumin nawa yana so tun yana ƙarami. Ban san ma ya lura da abin da yaron yake so ba.

Bayan Babbar Salla ya hau mota da tabarmarsa a naɗe. Bai cika mako ba na ji an ce ya dawo. Na tafi Batsari ba ranar kasuwa ba, na same shi zaune a ƙofar ɗaki, tabarmar tana jingine da bango ko igiyarta ba a kwance ba.

Ya ce da ya sauka ya kusa wuce gidan. An sa wa zauren ƙofar ƙarfe, an yi masa shuɗin fenti, wata mata tana ciki da firji biyu tana sayar da daskararren kifi. Aka kira Zaharaddeen ya zo a guje, hannunsa duk baƙin mai, yana murna. Ya ce, "Baba, na ga ɗakin yana zaune a banza, ɓeraye na shiga, sai na gyara shi na ba da haya. Shi kaɗai ya fi ɗaki biyu kawowa. Na so in ba ka mamaki ne." Ya ce ya tanadar masa masauki mai fanka a wani gidan baƙi, ba sai ya sake kwana a ƙasa ba. Buzun da butar ma ya adana su a leda.

"Mi ka ce mashi?"

"Na ce Allah ya yi albarka."

"Shi ke nan?"

"To mi zan ce? Don ni ya yi. Kin ga yadda yake kallona kuwa, yana jira in ce ya kyauta?"

Ya kwana biyu a gidan baƙin, a wani lungu da ba hanyar kowa ba, yana jin fanka tana juyawa. Ya aika da kilishin ta hannun Shafi'u, ya hau mota.

Na zaro wayata na ce yanzu zan kira yaron nan ya fitar da matar. Yaya ya riƙe mini hannu. Ya ce matar ta biya hayar shekara, tana da 'ya'ya, kuma idan aka tashe ta yaron zai ɗauka abin da ya yi ma laifi ne. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta ƙara ba ni haushi. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, sai na huce da faɗa. Na ce ya sayar da gona, ya sayar da shanu, ya je ya sayi danshi a bakin ruwa, duk don ya faɗi abin da baki zai faɗa kyauta. Na ce babu kowa a nan sai ni da kyanwa, mahaifinmu ya daɗe a ƙasa, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya.

"Kira shi. Ba sai ka ce komai ba. Sunanshi kawai ka kira, ya ji a bakinka."

An fito sallar la'asar, masu mashin suna ta wucewa. Sannan Yaya ya ciro 'yar wayarsa daga aljihu ya miƙo mini, don idonsa ba ya ganin lambobi. Na latsa, na sa a bayyane, na mayar masa. Ta yi ƙara, aka ɗauka, ana jin inji na ruri a baya.

"Baba? Lafiya dai? Ka isa gida lafiya? Ko kuɗin hayar ne ba su shigo ba?"

Yaya ya gyara zama. Ya share maƙogwaro.

"Za..." in ji shi. "Za..."

A can har injin aka kashe.

"Za a yi ruwa nan. Hadari ya haɗo."

Na ɗaga kai. Sama fes take, ko gajimare ɗaya babu.

"To Baba, Allah ya sa mai albarka ne," in ji yaron a sanyaye. "Nan ma ana ta yi. Bari in koma aiki, a gaida Gwaggo."

Wayar ta mutu. Yaya bai sauke ta daga kusa da bakinsa ba. A hankali, kamar mai tsoron kada maƙwabta su ji, ya ce, "Zaharaddeen." Ya faɗe shi daidai, bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba, irin faɗar wanda ya daɗe yana maimaita abu shi kaɗai. Sannan ya goge fuskar wayar da bakin rigarsa, ya mayar aljihu, ya tambaye ni ko zan sha ruwa kafin in kama hanyar Safana.