Malam Isiyaku da Ƙaguwar Kududdufinmu

Alhaji Jibrin mai injin niƙa roba, ƙarya ka yi wa Malam Isiyaku, kuma a gaban mutane ka yi ta. Ni Zinariya, a bakin kududdufin nan na bayan Dukawuya aka haife ni. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani sai na faɗe shi.

Ga wanda bai san shi ba: shekara talatin da huɗu ke nan, da gari ya waye za ka ga Malam Isiyaku da gorarsa mai ƙugiya a kafaɗa, buhu a hannu. Ya nannaɗe wando, ya shiga ruwa har gwiwa yana tsamo leda. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Ɗinkin hula ne sana'arsa, sai ya gama da ruwa yake ɗaukar allura. In aka tsokane shi, "Malam, wai ba ka gajiya?" sai ya ce, "Ita ledar ta gaji da zuwa ne?"

Da ba haka ruwan yake ba. Muna yara, in damina ta sauka, ƙaguwa ce birjik a gaɓa. Mu zura tsinke a raminta, ta damƙe, mu ja ta ja, iyayenmu na wanki suna mana tsawa. Mu ba cin ta muke ba, amma kowa ya san in ta yi yawa, ruwa lafiyarsa lau. A lokacin tuwo a akushi yake, koko a ƙwarya. Allah sarki.

Sai leda ta zo. Tuwon biki da zafinsa a leda, alale a leda, miya da manjanta a leda. Abin da ya rage a wurga kwata, kwata ta kai kududdufi. Shi kuwa Malam Isiyaku ba ya iya ganin abinci a wulaƙance. Duk ƙullin da ya tsamo sai ya kwance, ya zazzage wa ƙaguwa tuwon yana cewa, "Ku ci rabonku," sannan ya jefa ledar a buhu. A wurinsa sadaka ce.

Shi ya fara lura abin ya canza. Ƙaguwa za ta yi saɓa, sabon ɓawon ya ƙi tauri, in ka danna ya lotsa. Ka kai hannu ba ta gudu. Ya birkice matan ƙaguwar, ƙwan da ya saba gani dam a ƙarƙashin cikinsu ya zama ɗan tsirit. Ya zuba ƙaguwa shida a bokiti ya hau adaidaita zuwa jami'a. Wannan ofis ya tura shi wancan, ana dariyar tsoho da bokiti, har Allah Ya haɗa shi da Malama Aminat mai binciken halittun ruwa. Ta biyo shi, ta ɗebi ruwa da laka da tuwon kansa.

Ranar da ta dawo aka taru a zauren kwamitin unguwa, mu mata muna daga soro muna ji. Ta ce roba tana da sinadarai, zafi da maiƙo suna fito da su su shiga abinci, ƙaguwa ta ci su taru a jikinta. Ta kuma ce lakar da ta fi kowacce garin roba ita ce ta bakin bututun da ke zubo ruwan wankin injin Alhaji Jibrin.

Sai Malam Isiyaku ya miƙe ya ce, "Jama'a, ashe da hannuna nake ba su. Shekara ashirin ina ba su. Allah Ya yafe mini."

Duk zauren nan ba wanda bai taɓa wurga leda a kwata ba, har ni. Shi kaɗai ya miƙe. Alhaji Jibrin kuwa caraf ya cafe: "To kun ji! Da bakinsa ya faɗa. Magana ta ƙare." Aka hana tsoho shiga ruwa, bututu kuwa ko sunansa ba a sake kira ba. Wata huɗu ke nan yana zaune a ƙofar gida da allurarsa, ya juya wa kududdufi baya, masu wucewa na cewa ga wanda ya kashe ƙaguwa.

Malam, kai ne ka gani lokacin da muke toshe hanci mu wuce. Kai ne ka kai ƙarar halittar da ba ta da baki. Kai ne mai gaskiyar da ta ci shi. Tani mai tuwo ta daina ƙulla leda, yanzu sai ka zo da kwanonka, kuma ta ce saboda kai ne. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Mata 'yan'uwana, mu fito da kwanukanmu mu ma, ba su lalace ba.

Amma godiya ba ta wanke suna. Takardar sakamakon binciken Malama Aminat tana hannun kwamiti. A fito da ita a karanta wa jama'a gaba ɗayanta, har maganar bututun da aka tsallake. A mayar wa tsohon nan da ruwansa tun yana da ƙafar shiga. Kai kuma Alhaji, ka zo zauren nan ka miƙe tsaye, ka gaya mana me bututunka yake zubawa. Muna jira.