Ba A Girgiza Mai Barci

A gidanmu na Argungu ba a girgiza mai barci. Sai dai ka durƙusa kusa da kunnensa, ka kira sunansa a hankali, ka jira. Dokar Kaka Dije ce, uwar mahaifina, wadda ta tsufa tana bandar kifi, ta kuma tsufa tana raina wayon mutane. Bayan magariba mukan kewaye murhunta, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuwa tana juya tarwaɗa da tsirar hannu. Ni take fara tsokana, don ni ne jikan da take kira mijinta.

"Kai, mijin banza, wanda ba shi kawo ko albasa! Matso ka ji."

Wani masunci ne, in ji ta, ya dawo daga gulbi ya kwanta gindin tsamiya da rana tsaka. Kurwarsa ta fita ta hanci, 'yar mitsitsiya kamar ƙwaro, ta haye ƙetaren Rima yawo. Sai ga maƙwabcinsa yana neman aron homar kamun kifi. Ya kama kafaɗarsa ya jijjiga. Mutum ya tashi zaune ido buɗe, kurwa tana can ƙetare. Yana cin tuwo, yana tafiya, amma bai san 'ya'yansa ba. Boka ya ce iskokin ruwa ne. Aka kira makaɗa, aka cika gida da turare da ihu. Duk sanda kurwar ta iso bakin zaure, sai ta ji hargowa ta juya. Haka aka shekara bakwai. Ranar da kowa ya gaji ya watse, gida ya yi tsit, ta lallaɓo ta shiga.

Wata rana yayana Sani, da ya fara sakandare a Birnin Kebbi, ya ce malaminsu ya ce mafarki aikin ƙwaƙwalwa ne kawai. Kaka ta ja tsaki mai tsawo.

"Bazabarme na da sunan da yaka kiran kurwa, Bahillace na da nashi, ga malaminku ya taho da nashi. Wa cikinsu yat taɓa riƙe ta ga hannu? Raɗa suna dai kunka iya."

Bayan shekara ashirin aka dawo da ita gidana a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, ta daina gane mu. Likita ya ce mantuwar tsufa ce, ya rubuta magani bai ko ɗago ya kalli fuskarta ba. Sani kuwa, shi dai Sanin ƙwaƙwalwa, sai ga shi da wani mai cire aljanu, da 'yar lasifikarsa a hammata. Bai gama tuɓe takalmi ba ya san cutar. Da ya ji daga Argungu take, ai shi ke nan, aljanar ruwa ce. Da mun ce daga dutse ta fito, da ta dutse ce.

Ya same ta tana barcin azahar, lokaci ɗaya tak da fuskarta ke hutawa. Ya ce a tashe ta da ƙarfi kafin aljanar ta ɓuya. Sani ya jijjiga ta. Lasifika ta ɗau ruri.

"Riƙe mani ƙahwahunta!" in ji mutumin.

Na riƙe.

Na daɗe ina raina mutanen nan uku. Likitan da ya ga takarda bai ga tsohuwa ba, mai lasifikar da ya mai da ihu sana'a, da yayana da ke bin duk wanda ya fi ɗaga murya. Har gobe ina raina su. Amma ba a gaya wa biyun farko labarin masunci ba, Sani kuma tun yana yaro ya yi watsi da shi. Ni ne na yarda da shi, ni ne na san abin da tsohuwar nan take roƙo tun muna yara: a bar wa abin da ba a sani ba hanyarsa, a yi masa shiru. Kunyar a ce na hana a yi wa kakata magani ce ta rufe mini baki.

Da ta gaji da kuka ta dube ni ta ce, "Bawan Allah, mi niy yi maka?"

Ta ƙara wata huɗu a duniya. Ba ta sake gane kowa ba, amma duk sanda na shigo ɗakin sai ta naɗe ƙafafunta.