Kendrell a Ɗakin Wankina

Allura bakwai Kendrell Mabry ya taɓa zura min zare a tashi ɗaya. Yana ɗan shekara goma sha shida a lokacin. Ya shigo ɗakin wankin makaranta zai ajiye rigarsa, ya tarar da ni a bakin taga ina ta kai zare ina kuskure, don tun rasuwar maigidana idanuna suka fara ja da baya. Ya ajiye rigar. Ya karɓi allurar ya zura, ya buɗe gwangwani ya zaro sauran shida, ya zura wa wasu farin zare, wasu ja, ya soke su a jere a jikin labule.

"Wannan zai kai ki Juma'a, Mama Ozella," in ji shi, ya fice.

Na yi masa godiya da baki. A zuci kuwa cewa na yi, me ya hana ɗana Marquel lura?

Shekara ashirin da biyu ke nan ina wanke kayan 'yan ƙwallon sakandaren garinmu, nan Mississippi ta Amurka, irin ƙwallon da ake jifa da hannu. Ban yi nisa a karatu ba, amma ina karanta yaro a jikin wankinsa. Akwai mai cure safa ya jefo min kamar ya jefa wa kare. Akwai mai goge ciyawa a wando don a ce ya buga, alhali yini ya yi a benci. Kendrell kuwa ko rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, sai ya ninke ta kafin ya sa a kwando.

Shekararsu ɗaya da Marquel, rana ɗaya aka yi musu baftisma a ruwa ɗaya. Gidansu na tsallaken layin dogo. Ubansa ya tafi neman aiki yana ɗan shekara huɗu, bai dawo ba, uwarsa Vernice ce ta rene shi da aikin kwana a gidan tsofaffi. A bayan gidanmu ya koyi jifa. Maigidana Cleophus ya rataya wa Marquel tsohuwar taya a bishiya don ya riƙa zura ƙwallo ta tsakiya, Kendrell kuma shi ne mai gudu ya ɗauko. Ina so a san wannan. Tayar ɗana ce.

Mutum goma sha ɗaya ke shiga fili, amma ɗaya ake saurare, wato mai jifa. Shi ake miƙa wa ƙwallo, shi ke faɗin dabara, shi ake ɗagawa in an ci, shi ake zagi a shagon aski in an sha kashi. Marquel ne mai jifan makarantarmu. A wasa na biyu na shekararsu ta ƙarshe wani ƙato ya danne masa kafaɗa, aka sa Kendrell ya riƙe masa wuri na mako biyar. Kafaɗa ta warke, wuri bai dawo ba. Na je wajen Koci Dupree da kaina, ni da ko a coci ba a jin muryata.

"Sista Ozella, yaron nan ci mana wasa yake yi," ya ce, yana kallon takalminsa. "In na taɓa shi, garin nan zai cinye ni ɗanye."

Daga nan rigar Marquel ta riƙa dawo min fes, babu ko ɗigon ƙasa. Duk da haka nakan wanke ta tare da sauran.

Ranar wasan da zai kai mu gasar jiha, mutanen jami'o'i masu neman 'yan wasa sun cika benci tun rana ba ta faɗi ba. Ina bayan injinan busar da kaya ina ninke tawul, sai na ji an banko ƙofa. Kendrell ne, da cikakkiyar shigarsa. Bai gan ni ba. Ya durƙusa a kan bokiti ya yi ta amai, sannan ya zube cikin tulin wanki, hannuwansa na kakkarwa. Ina jin Koci na kwaɗa kiransa a waje, ko motsi bai yi ba.

Can sai ga Marquel. Shi ya gan ni, ya ɗora yatsa a baki, ya wuce wajen abokinsa.

"Kai, ɗan Vernice! Ka ƙwace min wuri, sannan ka zo ka ɓuya cikin safar mutane?"

"Ba zan iya ba, Quel. Hannuna ya mutu. Je ka ce wa Koci ya sa ka."

Na daina ninke tawul. Ubangiji ya gafarta mini, addu'a na yi a wajen, na ce ya Allah ka sa Marquel ya amsa.

Dariya Marquel ya yi. "In shiga da rigar nan mai ƙamshin sabulun Mama? A ce min me? Tashi, raggo. Jifan farko ka ba na kusa da kai, taku biyar kawai, ko kakata za ta iya. Daga nan hannun zai tuna da kansa." Ya tsuguna ya ɗaure masa igiyar takalmi, ya kifa masa hular kwano a ka, ya buga ta da tafin hannu. "Kuma ka goge baki, warinka sai ka ce akuya."

Minti goma sha ɗaya Kendrell ya yi a ɗakin, agogo na gabana. Ya fita ya yi wasan da har yau ake labarinsa. Washegari jarida ta ce yaron ba shi da jijiyar tsoro a jikinsa.

Daga nan jami'a ta ɗauke shi, shekara huɗu muna ganinsa a talabijin ranar Asabar. Aka kafa allo a bakin gari da sunansa da hotonsa. A ƙarƙashin allon nan Marquel ke wucewa kullum da motar kajin kamfani, gashin kaji na tashi a bayansa. Bai taɓa ƙorafi ba. In Kendrell ya zo hutu, tare suke zuwa kamun tarwaɗa, ina jin dariyarsu tun daga kwana. Ni ce abin ke ci. Nakan rera waƙar yabo ranar Lahadi, bakina na wajen Ubangiji, idona na kan ƙeyar Vernice.

Wata Lahadi a watan Maris, fasto ya sa Vernice ta miƙe aka tafa mata, ya ce tun daga ciki Allah ya keɓe ɗanta. Bayan an tashi muna kicin ɗin coci muna suyar kifi da yankan burodin masara, sai ta shigo da sabuwar hula.

"Ozella, duba min, ba ta yi min girma ba?"

"Girma?" in ji Sista Pearlie, mai kaɗa mana piyano. "In aka yi ruwa, mawaƙa kaf za su fake a ƙarƙashinta, har da fasto."

Aka kwashe da dariya, har da Vernice. "Ku dai ku yi ta yi. Kendrell ne ya aiko, na hana shi bai ji ba." Sai ta juyo wajena. "Ina Marquel? Har yanzu shi da kajin?"

"Har yanzu."

"Ai aiki ne mai albarka. Ki ce ya kawo min cinyoyi."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Da ma da mugunta ne, da na san inda zan ajiye maganar.

Ranar Talata baƙo ya zo. Kafin manyan ƙungiyoyi su zaɓi saurayi su mai da shi ɗan wasan albashi, sukan turo mutum garinsu ya bincika halinsa. Wannan wani dogon farar fata ne daga arewacin ƙasar, Mista Lindqvist, mai ladabi, da ɗan littafi a aljihu. Ya je wajen fasto, ya je shagon aski, sannan ya zo ya zauna a kan kwandon wankina, na ba shi shayi mai sanyi.

"Koci zai yabi yaronsa, Madam Tubbs, uwa ma haka. Shi ya sa nake neman masu wanki da masu shara. Hannunsa mun gani. Hankalinsa nake tambaya. Za mu sa shi gaban magidanta masu 'ya'ya, ya ce su yi, su yi. Ya kai?"

Na faɗa masa gaskiya. Ba ya makara, ba ya ɗaga murya, ban taɓa tsintar abin kunya a aljihunsa ba. Ya rubuta, ya rufe littafi, ya miƙe. Har ya kama ƙofa ya waiwayo.

"Kin taɓa ganin ya tsorata?"

Ba suɓutar baki ba ce. Na ga hular Vernice a idona, sannan na buɗe baki. Na nuna masa bokitin. Na nuna masa inda tulin wankin yake. Na faɗa wa raina wai don a san abin da Marquel ya yi ne, har sau biyu na maimaita sunan ɗana. Bai rubuta sunan ba.

"Minti nawa kika ce?"

Wannan ya rubuta.

Kwana uku ake zaɓen a watan Afrilu. Wanda aka kira ranar farko ɗan gata ne, wanda ya kai rana ta uku sai dai a gwada shi a gani. Kowa ya sa rai da ranar farko. Aka kawo babbar talabijin zauren coci, aka yi girki kamar na biki. Rana ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A ta uku da azahar, muna ɗumama sauran abinci, wani mai sharhi ya ce ƙungiyoyi sun ji labarin yaron ya taɓa ɓuya a ɗakin wanki kafin babban wasa, don haka ana shakkar ko zuciyarsa ta nuna.

Kendrell da Marquel duk suna zauren tare da mu. Kendrell bai kalli talabijin ba, Marquel ya kalla. A saninsa su biyu ne kaɗai a ɗakin wankin ranar. Marquel kuwa ni ya kalla, sau ɗaya, ina riƙe da ludayi, sannan ya sunkuyar da kai a kan farantinsa. Bai ce ba shi ya fallasa ba. Da la'asar wata ƙungiya daga can inda ƙanƙara ke zuba ta kira sunan Kendrell, aka yi ihu, aka yi addu'a. Kafin a ce amin ɗana ya fita.

Wata shida ke nan. A shagon aski sun ce hassada ce ta ci Marquel, wani har ya yi masa kukan kaza a gidan mai. Ya bar su a haka. Yana zuwa ya gyara min famfo, ya ci abinci, ya ce, "Na gode, Mama." Amma ya daina kawo min wankinsa.

Kendrell kuma benci aka ajiye shi, bayan wani tsohon ɗan wasa. A rediyon ɗakin wanki kullum gardama ake, ya isa ko bai isa ba. Suka ce shi ke fara zuwa filin atisaye, shi ke ɗaukar wa manya hulunansu ba ya ɓata rai, da 'yan jarida suka tsokane shi da maganar ɗakin wanki ya ce, "Haka ne, na yi. Har yanzu ma ina amai, sai dai yanzu na san inda bokiti yake." Aka yi dariya, suka ƙyale shi. Na kashe rediyon. Ko dutsen da na jefe shi da shi, ya ɗauka ya ajiye a gefe da ladabi.

Makon jiya ƙungiyarsu na hutu, ya zo gida. Ina ninke tawul na ga ƙofa ta yi duhu. Ya yi faɗi, ya tara gemu, amma sai da ya goge ƙafa kafin ya shigo. Ya ja tawul ya kama ninki tare da ni.

"Har yanzu sabulun nan ne, Mama Ozella? Can namu ba ya ƙamshin komai."

"Ka rame," na ce, ko da yake ƙarya ne.

"Ki faɗa wa Mama haka, ko ta ƙara min nama." Ya ɗora tawul ɗin a kan sauran. "Tsohon namu gwiwarsa ta ƙi. Lahadin makon gobe ni za a sa."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Ina kallon hannuwansa a kan tawul, ba sa rawa. Na ja wani tawul ɗin. Ya ce ya yi wata uku ba ya son jin sunan Marquel, daga baya ya zauna ya tuna wanda ya ɗaure masa takalmi. Ya ce ya kira shi ya fi sau goma, ba ya ɗauka.

Na dube shi, yaro ɗan ashirin da uku. Ni shekara sittin da ɗaya ina durƙusa wa Ubangiji, amma har a wajen yafiya ɗan Vernice ya riga ni. Wannan ma sai da na ji ƙyashinsa.

Ya bar min saƙo da ambulan in kai wa Marquel, yau kwana biyar suna cikin jakata, don ba zan iya kai yafiya gidan da ba a yi laifi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna. Gobe da safe zan ba Marquel ambulan ɗinsa, takardar nan kuma in haye layin dogo in miƙa wa Vernice, ta karanta wa ɗanta a waya kafin Lahadi. Abin da za su ce da ni a coci, su ce.

Ga yadda ya faɗa, yana tsaye a bakin ƙofa, ya riƙo hannuna da nasa biyu:

"Mama Ozella, ke ce yake jin maganarki. Tikitin wasa ne a ciki, da na jirgi. Ki ce masa komai ya wuce, ban riƙe shi da komai ba. Ki ce masa ya zo ya tsaya inda zan gan shi kafin in fita. Don Allah ki roƙar min shi."