Jan bel ɗin motar Baba Alidu

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Wasu sun kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri. Yau zan yi magana, don akwai abin da na gani da idona wata safiyar Talata ta tagar flat ɗinmu na bene a unguwar Thamesmead.

Mutum biyu na gani a wajen ajiye motoci. Sun buɗe bayan motar da ke kai ni asibiti, suna kwance jan bel ɗin da ake ɗaure keken mara lafiya da shi, suna mayarwa wata mota.

Bari in koma baya, ku gane.

Ciwon baya ne ya fara. Na ɗauka kayan da nake ɗagawa a wajen aiki ne. Sai zufa ta riƙa jiƙa min riga ina barci, na rame, wando ya daina zama. Wata rana na miƙe zan yi alwala, ƙafafuna suka ƙi.

An yi scan, an ɗebi jini har na gaji da miƙa hannu. Likitar ta ce, "Tarin fuka ne, amma a ƙashin bayanka ya zauna." Ni ban taɓa jin tari mara tari ba.

Aka yi min aiki a wani asibiti a Camberwell, aka sa ƙarafa. Ranar sallama likitar ta gargaɗe ni: "Kada bayan nan ya sha jijjiga kafin ya kama." Yayata Hadiza ta ce, "Nura, ka ji dai ko?" Na ji. Tsoro ma ya sa ban manta ba.

Magani ba mu biya ba, mota ce ta ci mu. Sai na yi booking, su ga keke ne, a yi cancel. Sababbin motocin ma ba su da wurin shigar keke. Haka muka samu Baba Alidu, Bahaushen Kumasi, yana tuƙa wata tsohuwar mota ta wani ƙaramin kamfani. Shi ke kai ni physio, wajen gashi da motsa jiki a asibiti.

Motar ta wuce shekarun da ake bai wa motar haya ta minicab lasisi. Amma mai ɗaukar keke ana iya ƙara mata lokaci idan ta ci gwaji. Dab da gwajin sai ga sababbin bel, ja jawur. Tsofaffin baƙaƙe ne, ɗaya ma ƙugiyarsa na zamewa.

Baba Alidu ya ce, "Yaro na, mota ya ci jarrabawa! Ya tsufa amma ya fi yaran ƙarfi."

Na yi murna, wallahi. Mako bai cika ba na ga abin da na gani. Ɗaya daga cikin mutanen nan biyu mai kamfanin ne, wanda ake ce wa Oga.

Da Yaya ta turo ni ƙasa, sun tafi. Na leƙa cikin motar. Baƙaƙen sun dawo.

Na ce, "Baba, ina jajayen?"

Ya ce, "An kai wanki."

Bel ake kaiwa wanki? Na sake kallon baƙaƙen. Mai zaman keke ƙasa yake kallo, na san ƙugiyar nan kamar yatsana. Daga baya wani direba ya faɗa wa Yaya cewa ɗaya motar ce ke da gwaji a makon.

Ga inda na tsaya. In na kai ƙara, wataƙila a karɓe lasisin, ni kuma babu wata motar, physio ya tsaya. In na yi shiru, birki ɗaya ya isa ya mayar da ni gadon asibiti.

Ranar ban shiga ba. Na kira Oga, na yi masa magana a hankali. Ya yi dariya ya ce, "My brother, maganin da kake sha yana da ƙarfi. Yana sa mutum gane-gane."

Na ce, "To. Zan jira maganin ya sake ni. Idan bel ɗin ba su dawo ba, zan je in tambayi masu ba da lasisi ko su ma suna shan irinsa."

Physio biyu na rasa. A na ukun jajayen suka dawo. Baba Alidu ya ɗaure ni, ya ja kowanne sau biyu, bai yi min wasan da ya saba ba.

Alhamdulillahi, yau ina tafiya da sanda, na kusa gama magani. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da masu physio. Yaya Hadiza, ba ni da abin biyanki. Baba Alidu ma na gode, ya ɗaga ni ranakun da ban iya ɗaga kaina ba.

Shawarata: ciwon baya da zufar dare da rama, kada ku tsaya shafa man zafi, ku je a duba. In kuna da mai keke, kada takardar lasisi a gilashi ta ishe ku. Ku ja bel ɗin da hannunku, kowace tafiya.

Na rubuto ne don na ji Oga yana yawo da zancen cewa ciwo ya taɓa min kai. Yanzu wata baiwar Allah ce mai keke ke shiga motocin nan, shi ya sa ba zan bar zancen ba.

Ba ni kaɗai na gani ba. Yaya Hadiza tana bayana da kofin shayi. Maƙwabciyarmu Mama Tunde tana shanya a baranda.

Na ukun Baba Alidu ne. Yana tsaye jikin bango, hannu a aljihu. Ya ɗago kai ya kalli tagarmu, muka haɗa ido.