Haƙora Biyu Masu Lafiya

A shagon ɗinkin da ke ƙasan wani bene mai hawa uku, kekuna huɗu ne, kuma na kusa da ƙofar baya nata ne. Shekara ashirin da shida ke nan tana zama a kansa. Wanda bai sani ba zai ce tela ce, amma ita ba ta taɓa karɓar wannan suna ba. Tela shi ne wanda ake kawo wa sabon yadi ya auna, ya yanka, ya ɗinka. Ita gyara take yi: wandon da ya yi tsawo, rigar da ta matse a hammata, siket ɗin da zif ɗinsa ya lalace, kwat ɗin da mai shi ya rame bayan jinya. Duk abin da wani ya riga ya ɗinka, wani kuma ya sa har ya ɗauki siffar jikinsa, shi ake jefa mata a kwandon da ke gefen ƙafarta.

Abokan aikinta Almakashi suke kiranta, kuma daga bakinta sunan ya samo asali. Haƙoranta na sama a cunkushe suka fito, kamar fasinjojin da aka cusa a kujerar baya. Na gaban biyu sun hau juna, fiƙar hagu kuwa ta rasa wuri, sai ta ɓullo daga can saman dasashi ta leƙo waje. Inda na gaban suka haɗu akwai wata 'yar kusurwa mai kaifi, da ita take tsinke zare. Ba ta neman inda almakashi ya shiga. Ta sunkuya, ƙas, ta jawo aiki na gaba.

Abin mamakin shi ne, duk da wannan suna, ba ta yanke yadi. Idan wando ya yi tsawo, sai ta naɗe rarar ciki ta yi kalmasa. Idan riga ta yi faɗi, sai ta rage ta, ta bar abin da ya saura a cikin ɗinkin, ta sa a danne shi da dutsen guga har ya kwanta. Masu kaya sukan yi ƙorafi cewa ƙafar wandon ta yi nauyi. Amsarta ɗaya ce kullum: mutum yana ƙiba yana ramewa, in ya dawo baɗi tana iya warware abin da ta naɗe, amma wanda ta yanke ya tafi ke nan.

Tana aji uku a makarantar firamare wata yarinya ta ce mata bakin zarto, aji ya kwashe da dariya. Yarinyar ta manta kafin a tashi. Ita kuwa tun daga ranar hannunta ya koyi hanyar bakinta. In abin dariya ya zo, tafin hannu ne yake riga dariyar isa. Mijinta, direban motar ɗaukar kaya, ya sha gaya mata cewa shi bai ga abin ɓoyewa ba, har ya rasu bai samu ta yarda ba.

Tana da shekara ashirin da biyar, sabuwar zuwa shagon, wata budurwa ta kawo gyaran siket, bakinta ɗauke da waya mai ƙyalli. Ta tambaye ta, aka yi mata bayani: ana ɗaura wayar ne a kan haƙora, ana matse ta kaɗan-kaɗan har su jeru. Ranar ta koma gida kamar an yi mata albishir. Ta ce baɗi. Baɗin ya zo da haihuwa, na bayansa da ciwon surukarta, na bayansa kuma da tashi daga gidan haya. Da 'yarta tilo ta kai shekara goma sha biyu, sai ga bakin uwar ya bayyana a bakin 'yar, har fiƙar hagun. Wannan karon ba ta ce baɗi ba. Ta daina hutun ƙarshen mako shekara biyu cur, aka sa wa yarinyar waya, haƙoranta suka jeru kamar na mataji.

Yarinyar nan ita ce yanzu ma'aikaciya a ɗakin ba da magani na wani asibiti. Ita ce kuma ta shigo shagon wata ranar Litinin da yamma, ta ajiye wani ɗan kati a kan keken.

"Umma, jibi da ƙarfe goma. Na riga na yi magana da likitan haƙori."

"Wa ya ce miki haƙorina yana ciwo?"

"Ba ciwo ba. Waya za a sa miki. Komai a wuyana, ke dai ki kai bakinki."

Mai guga, wani dattijo da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ɗaga dutsensa sama. "Kai! Za a kai almakashin shago wurin maƙeri? To mu da me za mu yi aiki?"

"Da bakinka, Baba," in ji 'yar. "Ai ya fi nata kaifi."

Kowa ya yi dariya. Uwar ta yi tata a bayan tafin hannu, ta ɗauki katin ta tura ƙarƙashin gwangwanin fil.

Likitan mutum ne mai sanyin magana, furfura ta fara taɓa gefen kansa. Ya kwantar da kujerar, ya haska mata fitila, ya daɗe yana dubawa. Aka ɗauki hoton haƙoran, ya liƙa shi a allo mai haske. Karo na farko ke nan da ta ga bakinta ba tare da leɓe ba, sai ta ji kunya kamar an buɗe mata ɗaki ba ta yi shara ba.

"Mama, shekara hamsin da ɗaya ba ta hana," ya ce. "Sai dai ƙashin babba ba ya saurin yarda kamar na yaro. Ki sa ran shekara biyu, wataƙila da rabi. Duk wata za ki zo a matse, kuma bayan kowace matsa za ki yi kwana biyu ko uku tauna tana yi miki wuya. Wannan kusurwar da na ga ta cinye, zare kike tsinkewa da ita?"

Ta gyaɗa kai.

"Za a bari. Fil ma ba za a ƙara riƙewa a baki ba."

Sai ta yi tambayar da sana'arta ta koya mata. "Likita, yadin da ya daɗe a naɗe, ko an goge shi, karin yana dawowa. Su haƙoran fa?"

Ya dube ta sosai. "Haka suke su ma. Shi ya sa in an cire wayar za ki riƙa sa wata roba in za ki kwanta."

"Har yaushe?"

"Gaskiya, har abada."

'Yar ta yi saurin cewa ita ma tana sa tata, ba wani abu ba ne. Likitan ya ɗauki biro ya nuna wurare biyu a hoton, ɗaya dama ɗaya hagu, bayan fiƙoƙin.

"Saura abu guda. Waɗannan biyun za mu cire."

"Tsutsa ta ci su?"

"A'a, lafiyarsu ƙalau. Sun ma fi sauran lafiya."

"To me suka yi?"

"Ba su yi komai ba, Mama. Wuri ake nema. Bakin ya yi wa haƙoran kaɗan, sai an rage kafin sauran su samu inda za su matsa."

"Ba za a iya naɗe su ciki ba?"

Likitan ya yi dariya har ya ajiye biron, 'yar ma ta yi. Ita kuwa da gaske ta tambaya, sai da maganar ta fita ta ji yadda take. Aka tsayar da Alhamis ta mako mai zuwa don cirewa.

Kwana takwas ɗin nan ta yi su ne kamar mai ɗauke da tulu a ka. Ta ce bari ta gwada aiki irin na mai waya. Ta rataya ƙaramin almakashi a wuya da igiya, ta ajiye fil a gwangwani. Kafin azahar ta kama kanta sau goma sha ɗaya da zare a baki. Aikin da take gamawa da la'asar ya kai ta magariba, wuyanta ya riƙe, kwandon bai ragu ba. Mai guga yana kallo.

"Almakashi, kin ga ku biyu ne a shagon nan masu suna ɗaya, ke da na wuyanki, kuma ba ku jituwa."

"Baba, ka ji da wandon mutane, ga shi can yana hayaƙi."

Wannan duk mai sauƙi ne, hannu yana koyon sabon hali in an matsa masa. Abin da ya fi damunta daban ne. Ranar Talata, da shagon ya yi shiru, ta shiga ɗan lungun da masu kaya suke gwaji, ta ja labule, ta tsaya gaban dogon madubin. Ta sauke hannunta, ta buɗe baki. Ta yi ƙoƙarin ganin haƙoran a jere, ta kuma jira farin cikin nan da ta koma gida da shi tana da shekara ashirin da biyar. Ta jira, bai zo ba. Abin da ya zo mata shi ne motar haya biyu zuwa asibiti da biyu dawowa, sau ashirin da huɗu ko talatin, zaman layi, kwana uku-uku na abinci mai ruwa, da wata roba a kofi kusa da gado har ranar da za a ɗauke ta. Ta sa harshe ta taɓa haƙoran nan biyu. Shekara arba'in suna tauna mata abinci, ko sau ɗaya ba su taɓa hana ta barci ba.

Ta so ta gaya wa 'yar a waya. Sau biyu tana kira, sau biyu yarinyar tana riga ta da murna: ta karɓi hutun ranar, ta sayo magani mai kashe zafi, ta tanadi buroshi na musamman. Uwar ta ce Allah ya yi albarka, ta kashe.

Ranar Alhamis suka isa tun kafin lokaci. Ɗakin jira cike yake da 'yan makaranta da iyayensu, fanka tana juyawa a hankali. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta miƙo takarda da biro, ta nuna layin da za a sa hannu. Uwar ta ɗora takardar a cinya, ta sa tabarau, ta karanta ta tun daga sama, kalma bayan kalma. Da ta kai ƙarshe sai ta mayar wa biron murfinsa.

"Umma, nan ne. Ƙasan nan."

"Na gani. Ba zan sa ba."

"Tsoron allura ne? Wallahi ba za ki ji komai ba."

"Ni da allura ta huda yatsana ya fi sau dubu? Ba tsoro ba ne."

"To mene ne?" 'Yar ta rage murya saboda mutane. "Duk hotunan gidanmu hannunki yana kan bakinki. Na san abin da kika bari saboda nawa bakin. Tun ranar da na fara aiki nake jiran wannan ranar, sai yanzu ki ce a'a?"

Uwar ta cire tabaran ta naɗe. "Ke 'yar nan, saurara. Na so abin nan, ba ƙarya. Na so shi har ina mafarkinsa. Amma shekaranjiya na neme shi a zuciyata, ban same shi ba. Ban san ranar da ya tafi ba. Da wanda ya lalace za a cire, da tuni na hau kujerar. Amma a cire masu lafiya biyu, waɗanda ba za a mayar ba, saboda abin da ni kaina ban tabbata ina so ba? Ko a rigar mutane ba na yin haka."

"Saboda ni fa?"

"Naki na yi, kuma na ga amfaninsa. Kullum kika yi magana ina gani. Ba sai kin rama ba."

'Yar ta kau da kai ta dubi bango. Aka kira wani yaro, ya shiga da uwarsa. Aka kira wata. Can 'yar ta miƙa hannu ta karɓi takardar, ta kai wa ma'aikaciyar, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Da ta dawo idonta ya yi ja.

"Ta ce likita ya ce ƙofa a buɗe take, ko baɗi."

"Baɗi," in ji uwar, ta ɗan yi murmushi.

Suka fito bakin titi. Rana ta riga ta yi zafi, motoci suna wucewa a cike.

"To yanzu me zan yi miki?" 'yar ta tambaya, ba ta dube ta ba. "Ki faɗi wani abu. Ko mene ne."

Uwar ta yi tunani da gaske, domin ta ga yarinyar tana bukatar amsa.

"Na riga na gaya wa mai shago yau ba zan zo ba," ta ce. "Ki kai ni gida, ki karɓi wayata ki kashe. In wani ya buga ƙofa ki ce ba na nan. Rabona da barcin rana tun kina goye."

'Yar ta share ido da bayan hannu, ta matsa gaba ta tsayar da mota.